Tsatsa a Shasin A-kori-kura: Yadda Za Ka Gano Ta, Ka Kankare Ta, Ka Hana Ta Dawowa

Mai a-kori-kura a Tambuwal ko Kebbe zai iya gaya maka ranar da ya yi juyen mai na ƙarshe, da tayar da ta fara sanƙo, da irin kukan da giya ke yi in an ɗora mata buhunan shinkafa. Tambaye shi yaushe rabon da ya kwanta a ƙarƙashin motar ya dubi shasi, sai ya yi dariya. Alhali inji ana sauke shi a ɗora wani, bodi ana yi masa kwaskwarima, amma ran da shasi ya karye, saura a kira 'yan gwangwan su zo da sikeli.

Abin da ke karya shasi a hankali shi ne tsatsa. Mutane da yawa sun ɗauka maganinta fenti ne. A gaskiya wanki da kankara su ne kusan dukan aikin, fenti kuwa na ƙarshe ne, kuma ba ya amfani sai an yi na farkon da kyau.

Daga ina take zuwa?

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a jikinsa, gishiri kuma yana hanzarta abin. Iskar ƙasar Sakkwato busasshiya ce fiye da rabin shekara, shi ya sa mota ke daɗewa a nan fiye da yadda take daɗewa a Legas ko Fatakwal. Yawancin tsatsarmu daga aikin da motar ke yi take fitowa.

Na farko laka. Daga Yuni zuwa Satumba, motar da ta bar kwaltar Sakkwato zuwa Jega ta nufi ƙauyukan Kuchi, Girkau ko Margai, ko ta gangara fadamun gulbin Zamfara da bakin tafkin Romo, tana dawowa da taɓo a kowane lungu na ƙarƙashinta. Shasin motoci irin su Hilux rufaffe ne, yana da rami a ciki, kuma laka na shiga ta kafofinsa ta zauna. Waje ya bushe cikin yini ɗaya, ciki kuwa ya riƙe damshi makonni. Don haka sau da yawa tsatsa daga ciki take cin ƙarfe, ba a ganin ta sai ta huda.

Na biyu kaya. Takin zamani yana gaba: yuriya tana jawo damshi daga iska, NPK kuma yakan zo da sinadarin fotash mai halin gishiri. Buhu ɗaya ya tsage a hanya, ƙwayoyin su shige tsakanin bodi da shasi, ruwan sama ya narkar da su. Haka fitsari da kashin awaki da shanun da ake kai wa kasuwa, da buhunan gishiri da kanwa, da ruwan ɗanyen kifi, da na albasar da ta fara ruɓewa a hanyar Aliero.

Na uku, tsatsar da aka sayo tare da motar. A Kanada da jihohin arewacin Amurka ana barbaɗa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, kuma yawancin tokumbo daga irin waɗannan ƙasashe suke shigowa ta Legas da Kwatano. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sasancin da aka ƙiyasta zai iya kai dala biliyan 3.4 a Amurka, saboda ƙorafin tsatsar shasi a motoci kusan miliyan 1.5: Tacoma ta 2005 zuwa 2010, Tundra ta 2007 da 2008, da Sequoia ta 2005 zuwa 2008. Duk wanda zai sayi ɗaya daga cikinsu, ya fara da kallon ƙasanta kafin ya kalli fuskarta.

Fara da guduma

Kafin ka sayi ko gwangwanin fenti ɗaya, ka san irin tsatsar da ke gabanka. Nemi ƙaramar guduma, da sukundireba mai ƙarfi, da tocila. Bi shasin daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda tsatsa ta ci yana yin sauti a dakushe, wani lokaci ka ji ɓarɓashi na zuba a cikinsa. Inda ka yi shakka, danna sukundireba da ƙarfinka.

Ka fi tsayawa a waɗannan wurare: inda sifirin ɗin baya ya rataya, mazaunin shokozoba, saman aksul na baya inda shasi ya lanƙwasa, ƙarafan da suka gitta tsakanin kafaɗun shasi biyu, saman tayar safaya, bayan tankin mai, inda akwatin sitiyari ya ɗauru, da duk inda aka ɗaure bodi da noti.

Abin da za ka gani ba zai wuce iri uku ba. Akwai ta sama-sama: jan gari ne kawai, ka goge ka tarar da ƙarfe sumul. Wannan kai da yaron motarka kun isa. Akwai mai ɓawo: tana ɓallewa falle-falle, ta bar ƙarfen da rami-rami. Ita ma tana gyaruwa, amma sai an kankare sannan a san abin da ya rage. Tsatsa tana kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta cinye, don haka kaurin ɓawo ba shi ne ma'auni ba, kaurin ƙarfen da ke bayansa shi ne. Ta uku ita ce wadda ta huda, ko ta sa ƙarfe ya lotsa da bugu ɗaya, ko ta kawo tsagewa. Kaurin ƙarfen shasin irin waɗannan motoci kusan milimita 3 ne ko 4, ba shi da rarar da zai yi asara. In ka ga haka, kada ka sake ɗora mata kaya ko mutane sai mai walda ya gama da ita.

Lokacin yi da kayan aiki

Lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in jigilar amfanin gona ta lafa. Ƙarfe na bushewa da sauri, kuma ba ya sake yin ja kafin ka shafa masa fenti. Matsalar hunturu ita ce ƙura: ka zaɓi ranar da iska ta kwanta, ka yi aikin a cikin rumfa, ka yayyafa wa ƙasa ruwa. A zafin Maris zuwa Mayu, kada ka shafa fenti a kan ƙarfen da rana ta gasa, domin saman zai bushe ya bar cikin ɗanye. Ka ware wa motar kwana 3 zuwa 5 ba ta fita.

Kayan aikin su ne: buroshin waya na hannu, giranda irin ta masu walda da buroshin waya da faifan gurza, samfefa mai kaushi, kurfi ko tsohuwar wuƙa ta kankara, garin sabulu, tina, maganin tsatsa, fentin share fage, baƙin fentin mai, da burushin fenti. Mafi yawansu ana samun su a shagunan kayan gini da na masu fentin mota a Sakkwato, Jega da Birnin Kebbi. Abin da ya gagara, kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano tana da shi.

Kafin kowa ya shiga ƙarƙashin mota, a ajiye ta a wuri mai tauri da ya daidaita, a tokare tayoyi, a ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe ko gumagumai masu kauri. Jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, bulon siminti kuma yana farfashewa ba gargaɗi. In akwai ramin gareji ya fi. Cire kan batir. Tartsatsin giranda da tururin fetur ba sa zama wuri ɗaya, don haka in aikin ya kusanci tanki a sauke shi, a ajiye bokitin yashi a kusa. Sa tabarau da takunkumi da safar hannu. Buroshin giranda yana harba gashinsa, kuma ido ba shi da safaya.

In da hali, a kwance notunan bodin baya a ɗage shi gefe. Mutum huɗu zuwa shida sun isa. Saman shasi, inda taki da fitsarin dabbobi ke taruwa, ba ya ganuwa sai an yi haka, kuma a nan ɓarnar ta fi yawa.

Wanki

A fara da ruwa mai ƙarfi. Injin feshin masu wankin mota ya fi, injin ban ruwa na noman rani ma yana yi in an matse bakin mesa. Zura mesar ta kafofin shasi, ka ɗaga gaban motar kaɗan, ka yi ta turawa har ruwan da ke fitowa ta baya ya zama garau. Za ka yi mamakin yawan yashi da ƙaiƙayi. Buɗe ƙananan kafofin da ke ƙasan shasi da waya, domin ta nan ruwa ke fita. Inda akwai maiƙo da giris, a wanke da garin sabulu da buroshi. A yi wannan nesa da gulbi da rijiya.

Daga nan sai bushewa. Je wurin mai faci ya hura iska da kwamfaresa a cikin shasin, ka bar motar ta kwana biyu. Duk abin da ka shafa a kan jiƙaƙƙen ƙarfe asarar kuɗi ne.

Kankara

Buge ɓawon da guduma da kurfi tukuna, domin buroshi ba ya tayar da shi, goge samansa kawai yake yi har ya yi ƙyalli ya ruɗe ka. Sai a bi da buroshin giranda, lungunan da ba ta shiga a bi da na hannu da samfefa. Tsatsa kake cirewa, don haka kada ka danne faifan gurza har ya rage kaurin ƙarfen. Ka wuce iyakar tsatsar da faɗin yatsu biyu zuwa cikin lafiyayyen fenti, saboda takan yi rarrafe a ƙarƙashinsa.

Ka kiyayi bututun burki da na mai da wayoyin da ke bin jikin shasi. Kwance maƙallansu ka janye su gefe. In bututun burki ya yi ɓawo, a sauya shi, ba a yi masa fenti. Ka kuma kiyayi lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfen. A nan buroshin hannu kawai, a hankali. Lambar da ta shafe ko ta yi kama da an taɓa ta tana jawo tambayoyi daga jami'an kwastan, 'yan sanda da jami'an duba motoci, kuma tana karya farashin motar ran da za ka sayar.

In an gama, a hure ƙurar, a goge da tsumma mai tsabta da tina. Kananzir da gas suna barin maiƙo, fenti ba ya kama su.

Maganin tsatsa

Komai ƙoƙarinka, tsatsa za ta rage a cikin ramukan ƙarfe. A nan maganin tsatsa ke shiga. Ruwa ne da ake shafawa da burushi, yawanci da sinadarin fosforik ko na tanin a cikinsa, yana mayar da jar tsatsa baƙin abu mai tauri da fenti ke iya hawa. Wanda ya san aikin fata a Sakkwato ya san wannan baƙin: tanin shi ne abin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, kuma haɗuwarsa da ƙarfe ce ke sa kulokon dukawa ya baƙanta fata.

Maganin yana aiki ne a kan siririyar tsatsa kawai. In ka zuba shi a kan ɓawo, saman zai yi baƙi, ƙarƙashi ya ci gaba da ci. Shafa shi siriri, ka bar shi ya bushe, yawanci awa 24. Wani iri ana ɗauraye shi, wani ba a taɓa shi, don haka a karanta abin da ke jikin robar, ko a nemi wanda zai karanta. Kada a yi amfani da ruwan batir ko asid ɗin wanke tayil. Suna cire tsatsa nan take, amma abin da suka bari a ramukan ƙarfe yana dawo da ita da ƙarfinta, kuma suna ƙona fata da ido.

Fenti

Da zarar ƙarfe ya shirya, a rufe shi a ranar. Fentin share fage mafi ƙarko shi ne efoksi, wanda ake haɗa gwangwani biyu kafin a shafa. Bayansa sai mai sinadarin zink. In ba su samu ba, jan fentin nan da masu walda ke shafa wa ƙofofi da tagogi yana yi, amma shi kaɗai ba ya tsare ruwa, dole a hau kansa da wani. Shafi biyu na share fage, shafi biyu na baƙin fentin mai, kowanne siriri, kowanne ya bushe kafin na gaba. A lungu da kan walda burushi ya fi feshi, domin yana cusa fentin cikin ramuka. Kada fenti ya taɓa faifan burki, salansa, robobi, kan giris, da inda wayar batir ta ɗauru da shasi.

Akwai masu shafa baƙar kwalta mai kauri a kan tsatsa ba kankara. Wannan rufe ƙofa da ɓarawo ne. Kwaltar na tsagewa da zafi da girgiza, ruwa ya shiga ya kasa fita, ƙarfe ya ruɓe a bayanta waje yana sheƙi.

Cikin shasi burushi ba ya kaiwa. Akwai kakin feshi da aka yi don haka, yana zuwa da doguwar siririyar roba da ake zurawa ta kafofi. In bai samu ba, sabon man giya da aka ɗan ɗumama a rana a fesa shi da bindigar feshi yana taimakawa, amma sai an riƙa sabuntawa kowace shekara. Bayan an gama, a sake duba kafofin fitar ruwa, kada a bar ko ɗaya a toshe.

Maganar baƙin mai

Fesa wa ƙasan mota tsohon man inji al'ada ce a garejojinmu, kuma ba a ce ba ya korar ruwa na ɗan lokaci ba. Amma man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da datti da tsami, yana kumbura robobin sifirin da na burki, yana kama ƙurar hanya ta zama cukwi a jikin ƙarfe, yana ɗiga a tsakar gida inda yara da kaji ke yawo. Kuma ran da ka so yin gyara na gaskiya, sai ka sha wahalar wanke shi kafin fenti ya kama. In za a fesa mai, a fesa sabo, a cikin shasi, bayan wanki.

In ta kai ga walda

Ba duk mai yin ƙofa da gado ne ya iya shasi ba. Nemi wanda ya saba da manyan motoci, ka tsaya a kan aikin. A yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai lafiyayyen ƙarfe, a cike da falle mai kauri daidai da na asali, sannan a ɗora wani fallen ƙarfafawa da ya zarce wurin ta kowane gefe, bakunansa a karkace ko a zagaye. Layin walda da ya miƙe daga saman shasi zuwa ƙasansa nan ne wurin da zai sake tsagewa. Ba a yin faci da rodin gini, ko ƙarfen durum, ko langa-langa, kuma ba a ɗora faci a kan tsatsa. A tokare shasin ta gaba da bayan wurin kafin a yanka, don kada ya karkace motar ta koma tafiya a kaikaice tana cin taya. A cire batir, a zare wayar ƙwaƙwalwar mota in tana da ita, a sauke tanki. Bayan walda, a gurje, a shafa share fage da fenti ciki da waje, saboda inda wuta ta taɓa shi ke fara tsatsa.

In ramuka sun yi yawa a kafaɗun biyu, ko ɓarnar ta kai mazaunin sitiyari da na sifirin, faci ba zai riƙe ba. A nemi wani shasin, a bi ta ofishin rajistar motoci a daidaita takardu da sabuwar lamba. Ka tuna, motar nan ranar kasuwa mutane take ɗauka a kan kaya.

Kada ta dawo

Shimfiɗa tamfol a bodi kafin a loda taki ko gishiri. In ya zube, a share shi a bushe tukuna, sannan a wanke da ruwa mai yawa, domin ɗan yayyafi narkar da shi kawai yake yi ya kai shi lungu. In dabbobi za ka ɗauka, zuba yashi ko ƙaiƙayi a kan tamfol, ka kwashe a ranar. Da damina, a wanke ƙasan motar ko da sau ɗaya ne a mako, da duk ranar da ta ratsa ruwa mai zurfi. Kada ta riƙa kwana a kan ciyawa ko jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sau biyu a shekara, a watan Mayu kafin ruwa ya sauka da Nuwamba bayan ya ɗauke, ka ɗauki guduma da tocila ka sake bin shasin, inda dutse ya fasa fenti ka goge ka taɓa.

In tokumbo za ka saya, ka je da gudumarka da makanikinka. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙasan tsohuwar mota dalili ne na ƙara dubawa. Dillalin da ya hana ka ƙwanƙwasa shasi, ka yi masa sallama ka nemi wata.

Maigida, kada ka bar wannan aiki ga direba da yaron mota kawai, su a kan lodi da hanya hankalinsu yake. Da rani, kafin a fara jigilar takin damina, ka ware kwana biyar, ka ɗage bodin, ka ga shasin motarka da idonka. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.